Kujerar Inna a Aji Shida

Bango ɗaya ne ya raba ajina da nata, kuma bangon bai kai rufi ba. Magina sun bar 'yar tazara a sama don iska ta riƙa wucewa. Ta nan nake jin abin da ake yi a aji shida, shekara da shekaru, ina koyar da lissafi a gefena, ita tana koyar da karatu a nata. Don haka yawancin abin da na sani game da ita, da kunne na same shi.

Yara suna kiranta Malama Rufe-Littafi. Ta san sunan, ba ta taɓa nuna ya dame ta ba. Gajeriyar mace ce marar yawan magana, tabaranta ɗaure da zare a gefe guda. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya. Ɗanta guda yana aiki a wani gari mai nisa, yana aiko mata da takalma masu kyau, ita kuwa tana ajiye su a kwalinsu. An taɓa yi mata tayin zama hedimasta, ta ce ta leƙa ofishin, ba ta ga yara a ciki ba.

Ina nan ranar da ta kama aiki. Ta shigo da jaka a kafaɗa, a hannu kuma wata 'yar kujerar katako, irin wadda mata ke zama a kai a bakin murhu. Ƙafafunta sun yi baƙi da hayaƙi, mazauninta ya lotsa a tsakiya, ya yi santsi.

Na ce, "Malama, girki za a koya musu?"

Ta ce, "Kusan haka ne, Malam."

Ta ajiye ta a bayan aji, a kusurwar da ke ƙarƙashin taga. Tun daga ranar ban taɓa ganin wani ya zauna a kanta ba. Yara suka sa mata suna kujerar Inna.

Yadda take koyarwa ba shi da wani ado. Kafin a fara karatu, takan ce a dubi kan labarin kawai, kowa ya faɗi abin da yake zaton zai tarar a ciki. Daga nan a karanta sakin layi ɗaya a zuci, ba da baki ba. Inda yaro ya ji ya ɓace, sai ya ɗiga fensir a gefen shafi, ya wuce, ya dawo daga baya. Sannan sai ta ce, "Rufe littafi." Ina jin ƙarar littattafan suna rufuwa ta saman bango, fat, fat, fat. Sai ta kira yaro ɗaya ta ce, "Je ka faɗa wa Inna."

Yaron zai taka zuwa bayan aji, ya durƙusa gaban kujerar, ya gaishe ta, sannan ya ba ta labarin abin da ya karanta. Ka'idar guda ce: Inna ba ta yi makaranta ba, ba ta san kalmomin littafi ba. Duk kalmar da ka ɗauko daga shafi ka kai mata, sai ka warware ta da maganar gida. In ka tsaya cak, Malama takan ce, "To, nan ne ba ka gane ba. Buɗe, duba wurin kaɗai, ka sake rufewa." Washegari da safe kuma, kafin kowa ya buɗe jaka, sai an tuna wa Inna na jiya, wai tsohuwa ce, mantuwa gare ta.

Kuma Inna tana tambaya. Wani lokaci Malama takan ce wa ajin, "Me Inna za ta ce a nan?" yara su yi ta jefo tambayoyi suna dariya. Wani lokaci kuwa nakan ji wata murya ta tsufa, siririya, mai ɗan rawa, tana cewa, "To, don me?" ko "Wane ne ya yi, shi ko ita?" Na ɗauka Malama ce ke sauya murya don ta ba yara nishaɗi. Har nakan yaba mata a zuciyata, don muryar ba ta taɓa canzawa ba duk tsawon shekarun nan, alhali tata muryar ta dusashe da alli.

Wani sufeto ya taɓa zuwa duba aiki. Ya zagaya bayan aji yana neman wurin zama, ya tattare wandonsa zai sauka a kan kujerar, sai ajin gaba ɗaya ya ɗauki ihu, "A'a!" Bawan Allah ya miƙe kamar an tsikare shi da allura. Wata yarinya ta ce, "Za ka danne Inna." Ya dubi kujerar, ya dubi Malama, ya ƙarasa aikinsa a tsaye. Mun yi ta dariyar abin a ɗakin malamai har ƙarshen zango.

Mai shara ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tsohuwar ma'aikaciya ce, ita ke buɗe azuzuwa da safe. Ta ce da ni, tana kallon tsintsiyarta, "Malam, ni ban taɓa goge kujerar nan ba, kuma ban taɓa ganin ƙura a kanta ba. Da safe in gwiwata ta goge ta, da ɗumi nake jin ta."

Na ce, "Ai ƙarƙashin taga take. Rana ce."

Ta ce, "Haka ne, Malam."

Sai da ta wuce na tuna tagar tana kallon yamma.

A shekararta ta ƙarshe kafin ta yi ritaya ne lamarin ya shigo gidana. Ina da jika, 'yar babban ɗana, wadda kowa ke kira Rediyo. In ta buɗe littafi, sai ka rantse labarai ake karantawa. Ba ta tuntuɓe, ba ta in'ina, tana sauke murya a inda ya dace. Ita ake tsayarwa ta yi karatu in an yi baƙi. Amma ta zauna jarrabawar shiga sakandare a ɗaya ajin shida, wajen wani malami, ta faɗi warwas. Tambayoyin ba su ce ta karanta ba, cewa suka yi ta faɗi abin da ta gane.

Ubanta bakanike ne, mutum mai son a yi abu a gama. Ya dawo daga gareji, yana wanke hannu da garin sabulu, ya ce, "Baba, na ba ta shekara ɗaya saboda kai. In ta sake faɗuwa, ga keken ɗinki nan a shagon uwarta. Ba zagi ba ne, sana'a ce."

Na ce, "Ba zagi ba ne."

Yarinyar tana bakin ƙofa, rungume da jakarta. Na san ba ta ƙi ɗinki ba, makarantar ce take so kamar ranta.

Washegari na sami Malama a ɗakin malamai tana shan shayi, na roƙe ta ta karɓi yarinyar a ajinta. Na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, tana juya kofi a tafin hannu.

Ta ce, "Ni ma Rediyo ce a da."

Na dube ta, ta ci gaba.

"Mahaifiyata ba ta yi karatu ba. Da ta kwanta ciwo, ni nake karanta mata takardar da ke cikin kwalin magani. Ina karantawa da kyau, Malam. Maƙwabta har leƙowa suke su ji. Sai ta ce, 'To, me suka ce, 'yar nan?' Sai in sake karanta mata daga farko, da ƙarfi."

Ta kurɓi shayin.

"Ba ta daɗe ba ta rasu," in ji ta. "Turo min ita ranar Litinin."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Ina ji ta saman bango. "Rufe littafi. Rediyo, je ki faɗa wa Inna." Sai muryar jikata ta tashi, tas, ta zubo sakin layin kalma bayan kalma kamar shafin yana buɗe a gabanta. Ajin ya yi tsit don sha'awa. Sai Malama ta ce, a hankali, "Wannan littafin ne ya yi magana. Inna ke take jira." Yarinyar ta sake farawa daga farko, da ƙarfi. Na ji Malama ta yi wani ɗan tari, ta ce ta koma ta zauna.

A hanyar gida jikata takan huce a kaina. "Tsoho, malamar nan taka rigima gare ta. Na kawo mata komai, ko wasali ban yar ba, wai ban faɗa ba."

"Ina ɗigon fensirinki?"

"Ban ɗiga ba. Ai ban ɓace ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Kai da ba ka gani sai da gilashi, kai ne za ka ɓace."

Muka yi dariya. Amma da muka kusa gida, wajen da ake jin bugun guduma daga garejin ubanta, sai ta rage tafiya.

Ta ce, "Tsoho, ni Inna ba ta saurarona."

"Kujera ce fa."

"Na sani. Amma in su o'o suna faɗa mata, ko da suna kame-kame, tana ji. Ni in na je, kujera ce kawai."

"Ta yaya kika sani?"

Ta dube ni kamar na tambayi abin da kowane yaro ya sani. "Ana sani," in ji ta.

Malama ta gwada hanyoyi da yawa a kanta. Ta rage mata karatu zuwa jimla biyu. Ta hana ta motsa leɓe, har ta sa ta riƙe fensir a baki tana karatu. Ta ce ta zana abin da ya faru maimakon ta faɗa, yarinyar ta zauna da farar takarda har aka tashi. Ta haɗa ta da wata mai in'ina wadda karatunta ke tafiya kamar tsohuwar mota a tudu, amma in an rufe littafi ta fi kowa bayani. Wannan ya ɗan taɓa ta. Na fara ganin ɗigon fensir a gefen shafukanta, ɗaya nan, ɗaya can, ƙanana ƙwarai, kamar tana jin kunyarsu. Sai dai har yanzu in ta durƙusa gaban kujerar, littafin ne ke fitowa daga bakinta.

Jarrabawa ta matso. Uwarta ta riga ta share wani lungu a shago, ta sa wa tsohon keken mai. Ba da mugunta ta yi ba. Yarinyar ta gani.

Wata rana bayan an tashi, Malama ta tsayar da ita. Ni kuma na zauna a ajina ina duba aikin yara, ina jiran mu tafi tare. Makaranta ta yi shiru irin na bayan tashi, ba ka jin komai sai kwanon rufi yana ɗan ƙara saboda zafi. Na ji Malama ta ce, "Karanta wannan, na yadda ruwan sama ke samuwa. In kin gama ki rufe, ki faɗa mata. Ba ni za ki faɗa wa ba." Sai na ji takunta ya fita.

Ta tagata na hango ta. Ta ratsa fili zuwa famfo, can kusa da katanga, ta sunkuya tana wanke tsumman goge allo.

Littafi ya rufu, fat. Benci ya motsa. Jikata ta yi gaisuwa da sanyin murya, sannan ta fara zubowa: zafin rana kan haddasa ƙafewar ruwa daga saman tekuna da tafkuna, inda yakan rikiɗa ya zama tururi. Ta kai ƙarshe ba tuntuɓe.

Sai muryar nan ta ce, "To, me suka ce, 'yar nan?"

Na ɗaga kai. Malama tana bakin famfo, bayanta gare ni, tana matse tsumma.

Jikata ta ja numfashi, ta fara daga farko, da ƙarfi. Ba ta yi nisa ba aka katse ta.

"A'a. Na ji wannan. Kunnena lafiya lau. Ruwan nan da kika ce ya hau sama, wa ya kai shi? Da bokiti?"

Na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce wa yarinyar, irin wadda ke fita tare da hawaye. "Ba da bokiti ba, Inna."

"To da me?"

Alƙalamina yana tsaye a kan takardar wani yaro har ja ya huda ta.

"Ban sani ba," in ji jikata. Ban taɓa jin ta faɗi wannan a kan karatu ba.

"To duba mana. Ni ba inda za ni."

Shafi ya buɗe, ya rufe.

"Inna, kin ga... kin ga in kin ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, abin nan fari da ke tashi?"

"Na san shi."

"To ruwan ne. Bai ɓace ba, sauƙi ya yi, ya tashi. Rana ita ce wutar. Kogi shi ne tukunyar. Sai dai ita rana a hankali take yi, ba a gani."

"Ikon Allah. To ya hau. Me ya dawo da shi?"

"Sanyi. Can sama da sanyi. Kamar..." Ta tsaya. Na ji tana taɓa benci da yatsa. "Kamar murfi! In kin ɗaga murfin tukunya ba kya ganin ruwa ya taru a cikinsa yana ɗiga? To haka ne. Girgije shi ne murfin."

"Wato duk shekarun nan a cikin tukunya muke zaune."

Yarinyar ta fashe da dariya. Tare da tata akwai wata, ƙasa-ƙasa, mai ɗan tari a ƙarshe.

Ban tashi ba. Ƙofar aji shida taku kaɗan ce daga tawa, kuma a buɗe take. Na zauna inda nake. Akwai abin da in mutum ya leƙa, ko ya gani ko bai gani ba, ya yi asara.

Malama ta dawo daga famfo a hankali. Ba ta shiga ajinta ba, a bakin ƙofata ta tsaya, tsumman yana ɗiga a kan siminti. Ta karkata kai tana sauraro. A can ciki jikata ta wuce zuwa sakin layi na gaba, tana kame-kame, tana gyara kanta, tana cewa "a'a, tsaya, ba haka ba ne."

Malama ta cire tabaranta ta goge da gefen mayafi. Ta ce, "Ta daɗe ba ta yi dariya ba."

Ban tambaye ta wa take nufi ba.

A hanyar gida na ce da yarinyar, kamar ba komai, "Yau kin daɗe. Ke da wa?"

"Ni da Inna mana."

"Malama ce ta yi miki tambayoyin?"

"Malama ai ta fita." Ta sauya wa jakarta kafaɗa. "Tsoho, ka san a cikin tukunya muke zaune?"

Daga ranar karatunta ya lalace, in ji masu son jin Rediyo. Ta koma tsayawa a tsakiyar jimla, tana komawa baya, tana ɓata fuska. Gefen shafukanta ya cika da ɗigo. Hedimasta ya daina tsayar da ita gaban baƙi. A gida takan karanta kaɗan, ta kife littafin, ta bi uwarta har bakin keke tana ba ta labari, uwar tana cewa, "Ke dai matsa min daga haske."

Da sakamako ya fito, ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba. Tana tsakiya. Ubanta ya riƙe takardar da yatsu biyu don kada baƙin mai ya taɓa ta, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Baba, wannan ta ci ke nan?"

Na ce, "Tambaye ta. Ita za ta warware maka."

Ta warware masa, layi bayan layi, da maganar gida. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da matarsa ta auna yarinyar, ta ɗinka mata kayan sakandare da keken da ta sa wa mai.

Malama ta yi ritaya a ƙarshen zangon. Ranar da za ta tafi, ta fito da jakarta a kafaɗa, kujerar a hannu, kamar ranar da ta zo. A bakin ƙofar makaranta ta tsaya, ta kira jikata, ta miƙa mata.

"Kada a sa ta kusa da ƙofa, ba ta son iska," in ji ta. "Kuma kada ki bar ta ta kwana biyu ba labari."

Na ce, "Malama, ke fa?"

Ta ce, "Ni na gama faɗa mata nawa, Malam. Ta ce ta gane."

Ba ta cika shekara ba bayan haka Allah ya yi mata rasuwa. Ɗanta ya zo ya kwashe kayanta, har da takalman nan a kwalayensu.

Kujerar tana ɗakin jikata yanzu, a kusurwa, nesa da ƙofa. Ni ma na bar aiki, yawancin yini ina gida. Ɗakina yana manne da nata, kuma bangon gidanmu ba shi da kauri. In ta dawo daga makaranta da la'asar, ta ci abinci, nakan ji ta jawo littattafanta. Karatun ya yi nauyi yanzu, akwai sassan jikin mutum, akwai ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Nakan ji siririyar muryar nan tana cewa, "To, don me?"

Kwanan baya yarinyar tana sauri, tana son ta gama ta fita wajen ƙawayenta. Na ji tana ba da labarin, amma shafi yana motsi a hannunta, alamar tana satar kallo. Sai wata murya ta biyu, wadda alli ya dusasar, ta yi magana a hankali daga wajen kusurwar.

Littafin ya rufu, fat.